Layi Uku a Jikin Jan Kwali

Kafin Duktura Irini ta cika wata biyu a kantin maganinmu, kowa a garin ya riga ya yanke mata hukunci. Hajji Bakhit mai sayar da wake da safe ya ce 'yar sanda ce aka sa wa farar riga: ya je neman allura saboda mura, ta tsare shi da tambayoyi har tukunyarsa ta huce, ƙarshe ta sallame shi da cewa ya sha ruwa ya kwanta. Direbobin tasha suka ce rowa gare ta, ka nemi ƙwaya goma ta ba ka biyu ta cika da wa'azi. Mata kuwa cewa suke hannunta da albarka, kuma wai ita kaɗai ce a garin nan take ajiye biro ta dubi mutum idan yana magana. Matata Wahiba ce ta kawo mini wannan har gida, tana zuba mini shayi.

"An ce idan kana magana ajiye biro take yi."

"Ni ma ina ajiyewa," na ce.

"Kai ai ba ka cika ɗauka ba, Abu Ra'fat." Da sunan ɗanmu Ra'fat take kirana. Ta yi dariya, sannan ta dafe gefen kanta na hagu, don ko dariya tana taɓa mata shi.

Shekara ashirin da bakwai na yi a bayan teburin Dakta Milad, baffan Irini. Ina da shekara talatin na shigo, bayan na bar yankan rake, aikina sauke kaya da shara. Ban iya karatu ba a lokacin. Da launi na san magunguna, da girman kwali, da inda kowanne yake zama a kan kanta. Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi a masallaci bayan la'asar, haruffan Turawa kuma Dakta Milad ya riƙa nuna mini a jikin kwalaye idan babu jama'a. Amma abin da hannuna ya fi sabawa da shi layi ne. A wajenmu yawancin manya ba sa karatu, saboda haka ba a rubuta musu sau nawa za su sha. Layi ake ja da biro a jikin kwalin: ɗaya, sau ɗaya a rana, biyu, safe da yamma, uku, bayan kowane abinci. Idan Dakta Milad ya tafi coci ko ya kishingiɗa da azahar, mutane sukan ce mini Dakta Atiyya. Ban taɓa gyara musu ba.

Da gwiwoyinsa suka gaza sai ya miƙa kantin ga 'yar ƙaninsa, wadda ta gama karatun haɗa magunguna a birnin Asyut. Ba ta taɓa raina ni ba, wannan ma yana cikin abin da ya fi ci mini rai. Ammu Atiyya take ce mini, yadda ake kiran baffa, idan na shigo ta miƙe ta ba ni kujera. Amma sai mutum ya shigo, mutumin da na yi wa 'ya'yansa allura tun suna goye, ya gaishe ni yana leƙen bayan kafaɗata.

"Duktura na nan?"

"Ga ni ai. Me ke damunka?"

"Ba komai, Ammu Atiyya, zan jira."

Ya jira ɗin. Ni kuma in ɗauki tsumma in goge gilashin da na riga na goge.

Abu ɗaya ya rage a hannuna, shi ne kan Wahiba. Tun haihuwar ɗanmu Ra'fat take fama da ciwon ɓarin kai. A da sau ɗaya ko biyu yake zuwa a wata. Sai ta fara ganin ƙyalli-ƙyalli a ido, sannan gefen hagu ya ɗauki bugu, ta yi amai, ta rufe tagogi, ta ɗaure kai da ɗankwali, ta sa mabuɗi a ƙullin ta murɗa har fatar goshinta ta yi fari. Shekara shida da suka wuce na gaya wa Dakta Milad, ya ɗauko wani jan kwali ya ce, "Ta sha idan ya taso." Na tsaya da biro a hannu. Babu layin "idan ya taso". Ba mu da shi, ban kuma taɓa ganin wani ya ja shi ba. Na ji kunyar tambaya. Na ga ciwon babba ne, sai na ba shi babban rabo, na ja uku.

Ta sha safe da rana da yamma, ba fashi, kamar yadda ba ta fashin salla. Da farko ta samu sauƙi har tana gaya wa maƙwabta mijinta ya fi likitocin birnin Suhaj. Daga baya ciwon ya koma na kullum. Ba mai tsananin nan kaɗai ba, har da wani nauyi da take tashi da shi, ba ya sakinta sai ta haɗiyi ƙwayar. Na ɗauka girma ne. Duk mako ina kawo mata sabon kwali a aljihun jallabiyata, in ja layukana uku, ta karɓa ta ce, "Allah ya bar mini kai." Ni ba mai yawan magana ba ne a gida. Kwalin nan shi ne maganata.

Wata ranar Talata Wahiba ta kawo mini abincin rana a kanti, burodi da cuku da miyar lalo a kwano. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kare ido da hannu. Irini ta ɗago kai.

"Ummu Ra'fat, ko Ammu Atiyya ne ya ɓata miki rai kike runtse ido haka? Faɗa mini in sa shi shara har magariba."

"Wannan? Ai sai mutum ya yi magana kafin ya ɓata wa wani rai. Kaina ne, 'yata."

Irini ta ajiye biro. Na gani da idona. Ta kama hannunta ta kai ta bayan labulen da muke yin allura, ni kuma na tsaya ina jera kwalabe a kusa, kunnena na can.

"Kwana nawa yake zuwa a wata?"

"Ki tambayi kwana nawa ba ya zuwa, ya fi sauƙin ƙirgawa."

"Ƙafafunki suna sanyi?"

"Wa ya gaya miki? Ko a tsakiyar zafi sai na sa safa. Abu Ra'fat cewa yake ya auri kifi."

Ban taɓa faɗin haka ba sai sau ɗaya, amma na ji daɗi da ta tuna.

"Me kike sha?"

Na ji ƙarar kwalin yana fitowa daga jaka. 

"Wa ya ja miki wannan layin?"

"Abu Ra'fat mana. Wa nake da shi?"

Da alfahari ta faɗa. Irini ta yi bayani a hankali, da muryar da za ta ratsa labule ta iso gare ni ba tare da an ce da ni ake ba. Ta ce wannan magani ba na kullum ba ne. Irinsa idan ya wuce kwana goma a wata, shi da kansa yake kiran ciwon: jiki ya saba, da zarar ƙwayar ta sake shi sai kai ya ɗauka, a sha ya lafa, ya sake dawowa. Kuma yana matse jijiyoyin jini, shi ya kawo sanyin ƙafa. Ta ce ita ba za ta canza mata da kanta ba, akwai likitan jijiyoyi a Suhaj, yana ganin mutane ranar Alhamis.

Bayan Wahiba ta tafi, Irini ta zo ta tsaya gefena.

"Ammu Atiyya, kuskure ne da kowa zai iya yi. Layukan nan namu ba su da..."

"Shekara shida tana sha," na ce, "ba ta mutu ba."

"Ba ta mutu ba," ta ce. Ta koma kujerarta. Da tsawa ta yi mini da na fi samun abin riƙewa.

Ranar Alhamis tare suka tafi a ƙaramar bas, wai Irini ma tana da kayan da za ta dubo. Ni na tsare kanti, mutane suna leƙowa suna komawa. Bayan la'asar suka dawo suna dariya, hannun wannan a cikin na waccan. Sun sha ruwan rake a bakin kogi, sun ci taliya da shinkafa a wani shago mai fanka. Shekara talatin da huɗu ina tare da Wahiba, ban taɓa kai ta Suhaj cin komai ba, ita ma ba ta taɓa nema ba.

Magani biyu likitan ya rubuta. Na farko 'yar ƙaramar ƙwaya ce ta rigakafi, kullum sau ɗaya, ko da ciwo ko babu, kuma aikinta sai an yi makonni kafin a gani. Na biyu na lokacin ciwo ne kawai, a sha da zarar bugun ya fara, kada ya wuce kwana biyu a mako. Jan kwalin kuwa ya ce a bar shi gaba ɗaya, ya kuma gargaɗe ta cewa mako ɗaya ko biyu na farko za ta ji kamar ta fi da wahala. Irini ta ja layi ɗaya a jikin na farkon. A jikin na biyun ta zana ɗan kai da ɗankwali a ɗaure, har da mabuɗin. Wahiba ta zaga da shi gidajen maƙwabta, ta fara da maƙwabciyarmu Nagah.

"Nagah, zo ki ga hotona. Ba ki ga hancin ba? Sak!"

Ni da na shekara ashirin da bakwai da biro, bai taɓa zuwa mini in zana kai ba.

Kamar yadda likita ya faɗa haka aka yi. Rana ta uku ta kasa tashi. Rana ta huɗu ko ruwa ta sha sai ya dawo. Na dawo hutun azahar na same ta kwance a ɗaki mai duhu, kai a ɗaure, tana nishi ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Na zaro jan kwali daga aljihu.

"Sha ɗaya kawai."

"Duktura ta ce a'a."

"Ranar da aka haifi Dukturar taki ina bayan teburin nan ina ba mutane magani."

"To ai ta girma," ta ce daga ƙarƙashin ɗankwali. "Ɗauke shi, Abu Ra'fat, don Allah."

Duktura ta ce. Na kwana da kalmomin nan na tashi da su. Washegari da safe na ce ta kwanta, ni zan dafa shayi. Shayinmu baƙi ne, ana tafasa shi har ya yi ɗaci, a danne shi da sukari cokali uku, ko me aka sa a ciki ba a ji. Na murƙushe ƙwaya ɗaya da bayan cokali na zuba. Na gaya wa kaina tausayi ne. Akwai tausayin, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Amma abin da na fi so shi ne in ga fuskarta ta saki saboda abin da ya fito daga hannuna, ko da ba ta sani ba.

Ta saki kuwa. Kafin azahar ta tashi ta yi shara, ta ba kaji abinci. Da na dawo ta tare ni a tsakar gida.

"Allah ya yi wa yarinyar nan albarka! An ce mako biyu, ga shi kwana biyar na miƙe."

Washegari ta yanka tantabaru biyu daga cikin nata, ta cusa musu alkama da albasa, ta gasa, ta ɗaure kwanon a tsumma ta ɗora mini a hannu.

"Kai wa Duktura. Kada ka buɗe a hanya, na san adadin ƙafafunsu."

Na ɗauka na kai. Irini ta yi murna, ta yage cinya ɗaya ta miƙo mini, na ce na ƙoshi. Na zauna ina kallon tana cin ladan ƙwayata.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma washegari nauyin ya dawo mata, na sake dafa shayi. Jibi ma haka. Wahiba har tsokanata take yi.

"Nagah, tsufa ya zo wa Abu Ra'fat da hankali. Mutumin da bai san inda sukari yake ba a gidan nan, yanzu shi ke kawo mini shayi har gado."

Kwana goma sha shida ina yi. A duk kwanakin babban ciwon bai taso ba, saboda haka ba ta taɓa kwalin mai hoton kai ba, ni kuma ban yi tunaninsa ba. Na san launinsa, na iya karanta sunansa. Abin da ban sani ba shi ne abin da yake yi idan ya gamu da nawa.

Ranar Laraba da hantsi muna kanti, sai ga maƙwabciyarmu Nagah ta shigo da gudu, takalmi ɗaya a hannu.

"Duktura! Ummu Ra'fat ce! Ta riƙe ƙirji tana cewa an ɗora mata dutse!"

A gabana take, amma Duktura ta kira. Ko a wannan lokacin sai da na lura da haka, Allah ya yafe mini.

Irini ta rufe kanti muka ruga. Muka sami Wahiba a zaune a ƙasa, ta jingina da bango, fuskarta ta koɗe, gumi na tsatsafo mata. Irini ta durƙusa ta kama yatsunta.

"Sun yi ƙanƙara. Me kika sha yau?"

"Babban ne ya taso... na sha mai hoton, kamar yadda kika ce."

"Jan kwalin fa?"

"Tun ranar nan ban taɓa shi ba."

"Ki tuna da kyau, Ummu Ra'fat. Su biyun ba sa haɗuwa a yini ɗaya, duka matse jijiya suke yi, zuciya ba ta ɗaukar haka. Idan kin sha, abin da zan gaya wa likita daban ne, abin da zai yi miki ma daban ne."

"Na rantse da ran Ra'fat, ban sha ba."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Nagah na nan, wasu mata biyu sun leƙo ta katanga. Na san duk abin da na faɗa, kafin magariba yana bakin Hajji Bakhit mai wake. Na dubi yatsun da ke hannun Irini.

"Ta sha," na ce.

Duka suka juyo.

"Da safe. A shayi. Ni na sa mata. Kullum nake sa mata."

Wahiba ta buɗe ido ta dube ni. Sai ta mayar ta rufe. Irini ta ce wa Nagah ta tsayar da mota.

A asibiti suka gwada zuciyarta, suka sa mata ruwa, suka riƙe ta har washegari. Allah ya taƙaita, abin ya sake ta a hankali. Likitan ya ce sai a koma farko, a sake ƙirga mako biyun daga ranar. Ya tambayi wa ke ba ta magani a gida, Irini ta ce, "Daga yau ita da kanta."

Ranar Litinin na je kanti da niyyar a kore ni. Na ma fi son haka. Irini ta miƙe ta ba ni kujera kamar kullum.

"Ammu Atiyya, ka zauna a gida mako biyun nan. Za ta buƙaci mai riƙe mata kwano idan amai ya zo. Wurinka na nan."

Na nemi abin da zan ji haushinsa a maganar ban samu ba. Na tashi na tafi.

Karo na biyu ya fi na farko wuya. Wahiba ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma gaya wa Ra'fat a waya ba. Abu ɗaya kawai ta yi: duk kofin da na ajiye a gefenta nan yake hucewa. Ko ruwa ne. Takan dafa bango ta je randa da kanta, ko ta jira Nagah. Ni kuma in wanke kwano, in rufe tagogi, in kori kaji daga bakin ɗaki. Sau da yawa na shirya maganar a raina, in shiga, in buɗe baki, sai in ji na ce, "In ƙara miki matashi?"

A mako na uku ta tashi wata safiya ta zauna a bakin gado tana juya kai dama da hagu a hankali, kamar mai neman wani abu da ta ajiye. Babu nauyin. Ya dawo da yamma, amma ya zo da sauƙi. A wata na biyu kwana biyar kawai ciwon ya zo mata, ta sha mai hoton sau uku. Ta cire safa. Na koma kanti, mutane suna ce mini Ammu Atiyya, babu mai kuskuren cewa Dakta. Idan aka kawo takarda mai cewa a sha idan ciwo ya taso, ina miƙa wa Irini biro.

Wata Juma'a da safe na ji motsinta a saman soro. Na hau na same ta ta jera curin ƙullun burodi a kan faifai tana shanya shi a rana don ya kumbura, kanta ba ɗauri, ido a buɗe cikin hasken da a da ba ta iya tsayawa a cikinsa.

"Ummu Ra'fat."

"Idan shayi ka kawo, na riga na sha."

"Ban kawo komai ba."

"To kauce, kana tare wa ƙullu rana."

Na kauce. Na tsaya tana aiki, ta gama faifai ɗaya ta jawo wani.

"Na ce wa kaina tausayi ne," na ce. "Ba shi kaɗai ba ne. Haushi na ji da kika ce Duktura ta ce."

"Na sani. Tun ranar tantabaru na ga fuskarka, na ɗauka kwaɗayi ne." Ta yayyafa gari a kan faifan. "Yarinyar da ba ta wuce 'yar cikinka ba, Atiyya. Na taɓa cewa ta fi ka? Tambayata kawai ta yi kwana nawa yake zuwa. Kai shekara shida kana kawo kwali, ba ka taɓa tambaya ba. Ni ma ban faɗa ba, don na ga kana jin daɗin kawowa."

Rabon da ta kira sunana tun kafin a haifi Ra'fat. Ta tsaya da ƙullu a hannu, ba ta dube ni ba, amma ba ta ci gaba da aikin ba. Na gane jira take yi, kuma ta daɗe tana jira. Na gyara murya.

"Wahiba, na cuce ki. Shekara shida cikin rashin sani, kwana goma sha shida ina sane. Ki yafe mini."